Shekarar Ikilisiya a Bakin Hamada

Mutumin Agadas da lissafin shekara iri uku yake rayuwa. Akwai na gwamnati, wanda da shi ake buɗe makarantu a watan Oktoba, a biya albashi, a yi jarrabawa. Akwai na hijira, mai kawo azumi da sallah ƙarama da babba, da bikin Biyanu a farkon Muharram. Akwai kuma na sama da ƙasa, wato sanyi da bazara da damina da kaka, wanda makiyayi da mai garka da madugu suke bi ko da ba su taɓa rataya kalanda a ɗaki ba. Mu ƴan tsirarun Kiristocin garin muna da na huɗu a kan waɗannan, shi ne shekarar ikilisiya, wadda takan fara a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kowace Lahadi da nata karatun daga Littafi Mai Tsarki.

Wannan lissafi na huɗu ba a ƙasarmu aka tsara shi ba. A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ya girma, kuma littattafan sharhin da ke zo mana daga Faransa da yanayin can suke bayani: a wajensu Kirsimeti lokacin ƙanƙara ne, Ista kuwa lokacin printemps, sa'ad da itatuwa ke fure. Duk malamin Faransanci a Nijar ya san wahalar wannan kalma a gaban ɗalibai, domin ba mu da lokacin da ya yi daidai da ita. In ka ce bazara ce, yaro ya dube ka da mamaki, tun da shi bazarar da ya sani zufa ce da ƙishirwa. Daga nan wasu sukan yanke cewa shekarar ikilisiya rigar aro ce, an ɗinka ta ga wani jiki. Ni haifaffen Arewa ne, daga yankin Dogon Dutsi, aikin koyarwa ya kawo ni Agadas, na kuwa zaga da wannan shekara a nan fiye da sau goma. Abin da na gani shi nake so in ajiye a gaban ƴan uwana malamai, Musulmi da Kirista: karatun nan, da ya sauka a kan lokutanmu, yana faɗa mana abin da littattafan sharhi ba su ji ba, yana kuma ɗora mana nauyin da ba su ambata ba.

Yadda aka tsara karatun

Tsarin da Katolika ke bi yau an fitar da shi a 1969, bayan babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965. An raba karatun Lahadi shekara uku: shekarar A ta Bisharar Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, ita kuwa ta Yahaya an fi karanta ta cikin azumi da kwanakin Ista. Kowace Lahadi akwai karatu uku da zabura. Abin da aka karanta a Roma shi za a karanta a Maraɗi, inda bishof ɗinmu yake zaune tun da aka kafa yankinsa a 2001, shi kuma za a karanta a Arlit da Cirozerin da Agadas. Fada ba shi ke zaɓe ba, jama'a ma ba su ke zaɓe ba.

Amfanin wannan ƙa'ida ban san shi sosai ba sai a 2015. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na shekarar aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka goma, ko da yake a wurare da dama maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Da a ce an bar wa kowa ya buɗe Littafi inda zuciyarsa ta so a makonnin nan, da yawanmu zaburar neman sakayya za su buɗe, akwai su kuwa a ciki. To, ba a bar mana ba. Ranar 18 ga Fabrairu ta kama Larabar toka, aka shafa mana toka a goshi, aka karanta mana Annabi Yowel yana kiran kowa ya tuba da zuciyarsa. Mutanen da aka mayar da ɗakunan sujadarsu toka, su aka ce su fara binciken nasu laifin. Lahadin da ta biyo aka karanta alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu, wanda ya haɗa dukan mai rai a bayan ƙasa, bai ware wata al'umma ba. Karatun ya yi wa wasu ɗaci, ni ma ya yi mini, amma ya hana fushi ya zama limaminmu.

Sanyi: jiran zuwa da Kirsimeti

Shekarar tana buɗewa da makonni huɗu na jiran zuwan Almasihu, wanda Faransanci ke kira Avent. A Agadas lokacin nan ne iskar hunturu ke sauka, hazo ya rufe hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 har sai ka matso kusa, leɓe ya tsage, ƴan makaranta su zo aji a takure. Annabi Ishaya ne mai yawan magana a makonnin nan. A sura ta 35 yana bayyana ranar da busasshiyar ƙasa za ta yi fure, ruwa ya ɓuɓɓugo inda ba a zata ba. Mai sharhi a Turai yakan ɗauki wannan a matsayin kwatanci na abin da ba ya yiwuwa sai da mu'ujiza. Mu kuwa gani ya kori ji: duk wanda ya bi hanyar Azbin a watan Agusta ya ga tsakuwa ta koma kore cikin ƴan kwanaki bayan ruwa ɗaya. Iri yana nan kwance a ƙasa tun bara ko bariya. A Disamba, da ciyawar ta bushe ta zama abin tunawa, karatun ya zo yana tambayarmu ko mun yarda abin da muka gani da ido zai sake dawowa.

Akwai wata kalma da ta daɗe tana ɗaukar hankalina a matsayina na malamin harshe. Inda Faransanci ya ce désert, fassarar Hausa ta fi yawan cewa jeji. Ga Bahaushen kudu, jeji wuri ne mai itace da ciyawa da namun daji, har da rugar Fulani. Hamada daban take, ita ce Tenere, kalmar da a Tamajak take nufin wurin da babu kowa babu komai. Jejin Yahudiya, inda Yahaya Mai Baftisma ya yi wa'azi, tuddai ne na duwatsu da koramu busassu waɗanda ke cika bayan ruwa, wato ya fi kama da Azbin ɗinmu. Saboda haka sa'ad da aka karanta Ishaya sura ta 40, inda ake kira a shirya hanya a jeji, mutumin nan ya san abin da ake nufi. A hamada hanya ita ce jerin rijiyoyi da sanin madugu. Itacen nan ɗaya tilo na Tenere shekaru da yawa shi ne alamar ayarin Bilma, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Aikin Yahaya irin na alamar hanya ne: ya nuna wa mutane inda za su dosa, bai tsayar da su a wurinsa ba.

Har abincinsa ma yakan sa jama'a murmushi. Littattafan sharhi suna nuna cin fara da zuma a matsayin matuƙar gudun duniya. A nan kuwa, daidai makonnin da ake wannan karatu, soyayyiyar fara da yaji tana nan tuli a kasuwa, yara suna roƙon iyaye su saya musu. Mutum mai rigar gashin raƙumi, mai cin fara, a wurinmu talaka ne da ke cin abin da ƙasarsa ta ba shi.

Ranar 1 ga Disamba, a bakin wannan lokaci, ake tunawa da Charles de Foucauld, wanda aka kashe a Tamanrasat a irin ranar a 1916, aka kuma sa shi cikin tsarkaka a 2022. Shekaru ya kwashe yana haɗa ƙamus na harshen Abzinawan Hogar. Amma a watan nan na Disamba 1916 ne Kawsan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, abin da ya biyo baya a 1917 kuwa tsofaffin gidajen garin ba su manta ba. Kiristan da ke zaune a nan dole ya riƙe tarihin biyu tare, ya san cewa sunan da yake girmamawa ya zo ne a zamanin da ya bar wa maƙwabcinsa tabo.

A daren Kirsimeti ake karanta Luka sura ta 2: ƙidayar jama'a ta tilasta wa miji da mata mai tsohon ciki tafiya, suka rasa masauki, makiyaya masu kwana a fili su aka fara yi wa albishir. Lahadin da ke biye, a shekarar A, sai labarin gudun Yusufu da Maryamu da jariri zuwa Masar cikin dare. Majami'armu ƙarama ce, yawancinmu kuma baƙi ne: ma'aikata daga kudu, ƴan Benin da Togo da Burkina da Najeriya da suka daɗe da zama, sai matafiya daga Kamaru ko Kodebuwa waɗanda za ka gani Lahadi biyu ko uku, daga nan ba ka ƙara jin labarinsu ba. In ana karanta gudun Masar, ba na iya duban bencin baya, domin a can akwai matan da suka ƙetare iyaka da goyo cikin dare, wasu kuma gobe za su ƙetare. A farkon Janairu Ishaya sura ta 60 takan kawo raƙuma ɗauke da zinariya da turare. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu suka san inda take fitowa, da irin ramin da ake shiga kafin a same ta, da yawan waɗanda ba su komo ba.

Bazara: azumi da Ista

Larabar toka takan faɗo tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, Ista kuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Wato azuminmu na kwana arba'in yana farawa da ƙarshen sanyi, ya ƙare a tsakiyar zafi, sa'ad da ma'auni ke haura 40. Bisharar ranar toka, daga Matiyu sura ta 6, abubuwa uku take magana a kai: sadaka da addu'a da azumi. Kalmomin nan uku ba mu da wasu a Hausa sai su, kuma su ne na maƙwabtanmu. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar toka ta zo ranar 5 ga watan, gari duka ya shiga azumi kusan tare. Wata ɗalibata ta tambaye ni a aji: “Mushe, ashe ku ma kuna azumi? To yaya na ga kun sha ruwa?” Na bayyana mata gaskiya, cewa abin da aka wajabta mana kwana biyu ne, Larabar toka da Juma'a mai tsarki, sai barin nama kowace Juma'a, saura kuwa kowa da abin da ya ɗaukar wa kansa. Ta ce, “Wannan ai da sauƙi.” Ban yi gardama ba. Wanda ya ga lebura yana ɗaukar bulo da ƙarfe biyu na rana ba tare da ɗigon ruwa ba, ba zai yi fahariya da nasa azumin ba. Karatun ma ya ce a ɓoye shi, a wanke fuska, kada a nemi yabon mutane. A garin da kwanon buɗa-baki ke shigo mana ta katanga kowace magariba, kunya ma ta isa ta koya mana wannan aya.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa duk ɗaya ne. A Lahadi ta biyu ta azumi, shekarar B, ana karanta hadayar Ibrahim. Mu Ishaku muke cewa, maƙwabcina da ke aiko mini da naman layya Isma'ila yake cewa. Mutuwar Almasihu a kan gicciye, wadda ita ce tushen bangaskiyarmu, shi bai yarda ta auku ba. Mun san wannan, mun faɗa wa juna, kuma ba ta hana shi zuwa barkar sunan ɗana ba.

Lahadin da ta fi kowace shiga raina ita ce ta uku a shekarar A. Karatun farko daga Fitowa sura ta 17 ne: Isra'ilawa sun rasa ruwa a jeji, suka tasam ma Musa da gunaguni. Masu sharhi sukan yi saurin kiran wannan rashin bangaskiya. Wanda famfo ya taɓa ɗauke masa kwana uku a watan Afrilu, yara suna kuka, jarka ta yi tsada, zai yi wa mutanen nan uzuri. Abin lura shi ne, a wannan sura Allah bai tsawata musu ba. Umarni ya ba Musa ya bugi dutse a sha. Sai Bishara ta kawo Yesu a bakin rijiya da tsakar rana, a gajiye, ba shi da guga, rijiyar kuwa da zurfi. Ya roƙi ruwa a hannun wata mace Basamariya, daga jama'ar da mutanensa ba sa haɗa ƙwarya da su.

A ƙasar nan rijiya tana da dokarta wadda ba a rubuta ba: ba a hana mai ƙishirwa ruwa, ko daga wace kabila ya fito. A gida kuma, kafin a tambayi baƙo sunansa, ruwa ake fara miƙa masa. Bahaushe ma yana cewa baƙonka annabinka. Mu Kiristocin Agadas mun saba ɗaukar kanmu masu bayarwa, masu makaranta da ɗakin shan magani. Karatun nan ya sa Ubangijinmu a matsayin baƙo marar guga, mai roƙo a rijiyar wasu, daga roƙon nan kuma magana ta buɗe har matar ta bar tulunta ta kira mutanen gari. Haka muke a nan. Rijiyar ba mu muka gina ta ba, garin ya girme mu da ɗaruruwan shekaru, sarautarsa tana nan tun ƙarni na 15. Wanda ya yarda ya sha a ƙwaryar maƙwabci, shi maƙwabci zai saurara wa.

A Juma'a mai tsarki ana karanta shan wuyar Almasihu daga Yahaya, inda a kan gicciye ya yi kukan ƙishirwa. Da ƙarfe uku na rana cikin bazara, ƙarƙashin rufin kwano, ba mai bukatar a yi masa sharhin wannan. Sauran Bisharu uku sun ambaci mutumin da aka tilasta wa ɗaukar gicciyen, Saminu Bakurane, garinsu kuwa a gabashin Libiya ta yau yake, ƙasar da motoci ke dosa daga nan ta Dirku.

Daren Ista a waje ake fara shi, a hura sabuwar wuta, a kunna kyandir, a bi da dogon karatu tun daga halitta zuwa ƙetare Bahar Maliya. Babu fure ko ɗaya a gari, babu tsuntsun printemps. In ana neman alamar tashi daga matattu a ƙasarmu, sai a dubi gawo a bakin koramar Telwa: sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, shi a lokacin yake da ganye, ƴaƴansa kuma su ke riƙe awaki har ruwa ya sauka. Saiwarsa ta kai inda ido ba ya gani. Farin cikin Ista a nan irin wannan ne, ana yin sa tun sama ba ta nuna alamar hadari ba.

Fentikos da damina

Kwana hamsin bayan Ista sai Fentikos, tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni, lokacin guguwa mai jan ƙura da ke gabatar damina. Ayyukan Manzanni sura ta 2 ta ce Ruhu ya sauko kamar iska mai ƙarfi, taron baƙi kuma kowa ya ji magana da harshen da aka haife shi a ciki. Cikin jerin akwai Masarawa da mutanen Libiya da Larabawa. Mai tsayawa a kasuwar Agadas zai ji Hausa da Tamajak da Fulatanci da Larabci da Tubanci da Barbarci da Zabarmanci kafin ya gama cinikin albasa. Abin da ya shafe mu malamai a nan shi ne, ba a tilasta wa taron koyon harshe ɗaya ba.

Yadda Littafin ya shigo Hausa ma yana da alaƙa da ƙasarmu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a Oktoba 1850, ya koma Turai a 1855 tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan yankin Damagaram, wanda aka taɓa kamawa bawa. Daga bakin yaron nan James Schön ya ƙara sanin Hausa, ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito. Duk daren Asabar nakan karanta karatun gobe da Faransanci, sa'an nan da Hausa, in rubuta abin da na lura a wani littafi. Na Faransanci yakan tsaya mini a ka. Na Hausa har ciki yake shiga, wani lokaci ya hana ni barci.

Daga Fentikos zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin yau da kullum ne, fada yana sa koren kaya, a nan ne kaɗai launin majami'a da na ƙasa sukan yi daidai. A tsakiyar Yuli, shekarar A, Ishaya sura ta 55 takan kwatanta maganar Allah da ruwan sama wanda ba ya komawa sai ya jiƙa ƙasa, Bishara kuma ta kawo misalin mai shuka da irinsa ya faɗa a hanya da kan dutse da cikin ƙaya da ƙasa mai kyau. Manomin Arewa ba ya watsa iri haka, ya san tsadarsa. Amma ya san binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan da ba a ga alamarsa ba. A makonnin nan ne kuma sakamakon jarrabawar BEPC da BAC ke fitowa. Malami yakan dubi jerin sunaye ya nemi yaran da ya sha wahala a kansu, wasu ya gan su, wasu babu. Misalin ya hana ni yanke wa yaro hukunci tun daga watan Oktoba cewa wannan dutse ne, kada in ɓata iri.

Ruwan da muke roƙo shi ne kuma yakan yi ɓarna. A garin da yawancin shekaru ruwansa bai kai milimita 200 ba, ranar 1 ga Satumba 2009 Telwa ta ɓalle ta rushe gidajen laka masu yawa. A shekarar B kuma, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, Lahadi biyar ake yi ana karanta Yahaya sura ta 6 a kan gurasar rai, daidai lokacin da rumbunan kudu suka yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau. Surar da ciyar da taron mutane ta fara, kafin a zo ga wa'azi. Majami'ar da ta juya wannan jeri ba ta karanta da kyau ba.

Kaka: ƙarshen shekara

A Satumba makiyaya sukan taru a Ingal domin gishirin ƙasa, a Oktoba ayari ya kama hanyar Fashi da Bilma ya komo da kantu da dabino. Zafi ya sassauta, hanyoyin arewa su ƙara cika. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Nuwamba, muka yi sujadar tunawa da matattu kamar yadda ake yi kowace shekara. Ba ƴan majami'armu ba ne, amma su ne a zuciyar kowa. Tun daga lokacin, in aka karanta labarin Hajaratu a Farawa sura ta 21, wadda ruwan salkarta ya ƙare ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace ta matsa nesa don kada ta ga mutuwarsa, matan Kance nake gani. Ita Allah ya buɗe mata ido ta ga rijiya. Su kuwa babu wanda ya iso da ruwa a kan lokaci, wannan tambaya kuma ban same ta da amsa mai sauƙi ba, sai dai na lura cewa Littafin a kanmu yake mayar da ita.

Lahadin ƙarshe ta shekara ita ce ta Almasihu Sarki. A shekarar A ana karanta Matiyu sura ta 25, inda Sarki ke raba mutane a ranar shari'a bisa abin da suka yi wa mai yunwa da mai ƙishirwa da baƙo da marar tufa da marar lafiya da ɗan kurkuku, yana cewa shi aka yi wa. Dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ta sa direbobi da yawa sun riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun kamu, hanya ta ƙara haɗari. An soke ta a ƙarshen Nuwamba 2023, a makon da aka karanta wannan sura ranar 26 ga watan. Muhawarar doka na bar wa masananta. Abin da na sani, kafin dokar da lokacinta da bayanta, mai ƙishirwa bai daina ƙwanƙwasa ƙofa ba, ko mai dosar arewa ne, ko wanda aka koro daga Aljeriya ya tako kilomita goma sha biyar zuwa Asamaka. Surar ba ta tambayi takardunsa ko addininsa ba. A wasu ƙasashe sai an kunna talabijin ake ganin mutumin nan. Mu a tasha muke haɗuwa da shi, saboda haka ba mu da hujjar cewa ba mu gan shi ba.

Roƙona ga malamai da ƙungiyoyin al'adu

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wannan ya ƙara mana aiki, mu masu koyar da ita. Sunayen lokutan shekara, da na iska da hadari da rijiya da hanya, da Hausar Agadas da Tamajak, suna bakin tsofaffi, yaranmu kuwa sun fi sanin lokutan Faransa huɗu. A tattara su, a rubuta, a shigar da su aji. Ga ƴan uwana Kiristoci kuma, lokaci ya yi da za mu rubuta namu tunanin a kan karatun Lahadi da Hausa, daga inda muke zaune, ɗan Maraɗi da gonarsa, ɗan Difa da tafkinsa, mu da hamadarmu, maimakon jiran ɗan littafin da ke isowa bayan watansa ya wuce. Mai karatu Musulmi da ya biyo ni har nan, na gode da haƙurinsa. In ya ga wurin da nasa karatun ya gamu da lokutan ƙasar nan, shafukan mujallar nan a buɗe suke, zan kuwa karanta da murna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya, ya bar mu da zumunci.